Ƙwan Zabin Hajiya Rekiya

Ku gyara zama, 'yan uwa, yau ba da dariya na zo muku ba.

Ga waɗanda yanzu suka shigo, sunana Basma, 'yar Dutsin-Ma ce. Ilimin noma nake karantawa a jami'a, amma tun ina sakandare nake da cutar kwance rediyo da haɗa wayoyi. Cutar nan ce ta sa na mayar da tsohon firij ɗin Umma injin ƙyanƙyasar ƙwai, na ajiye shi a ɗan ɗakin da ke jikin zaurenmu. Ita ce kuma ta haɗa ni da Saifullahi, mai aikin sola daga Kurfi. Ya zo ɗora mana fanel, ya ga firij da gulob biyu a ciki yana fitar da 'yan tsaki, ya tsaya tambaya. Daga tambaya aka koma sallama a zaure. Ranar Juma'ar nan manyansa za su zo sa rana.

Ko in ce, da za su zo.

Mahaifiyarsa, Hajiya Rekiya, mai kiwon zabi ce a Tamawa. Farkon daminar nan ta aiko mini da ƙwan zabi cikin kwano, ta ce a sa a injin surukarta. Na yi ta rawar kai ina nuna wa kowa. Lokacin ƙyanƙyasa ya zo ya wuce, ko ɗaya bai fasa ba. Da na fasa su da kaina, 'yan tsakin na ciki sun cika halitta, sun mutu. Hajiya ba ta ce komai ba, ta sake aiko da wasu, su ne yanzu a ciki. Amma ƙanwar babansa, Gwaggo Jamilatu, ba ta iya shiru ba. Ranar Talata wata 'yar uwarsu ta turo mini saƙon murya da Gwaggo ta saka a guruf ɗin danginsu:

"Ni dai na faɗi, a duba ƙafar ɗiyar nan. Ƙwan da kaza ke kwanta mawa lafiya lau, ya shiga hannunta ya zama mushe. Tun da yaron nan ya fara zuwa gidansu babur nai ya kayar da shi, ragon Hajiya ya mutu. In ba farar ƙafa ba, mi ne ne wanga?"

Kun san abin da kalmar nan ke yi wa mace. In ta manne miki, ko tuntuɓe mijinki ya yi a kasuwa, ke ce.

Na tura wa Saifullahi saƙon.

"Ki share kawai," ya rubuto. "Kin san halin Gwaggo."

"Kai me ka ce mata?"

"Ba a ja da manya, Basma."

"Ba ja na ce ka yi ba. Me ka ce?"

Ya karanta. Ya sauka daga layi.

Abin da ya fi ci mini rai, injin bai taɓa nuna matsala ba. Kullum na leƙa ɗan sikirin da ke jikin ƙofar, 37.6 yake nunawa, daidai zafin da ƙwai ke so. To me ya kashe su? Tun kafin maganar Gwaggo na yi odar wani ɗan abu daga Kano, ana ce masa lojik analaiza. Ranar Laraba da safe direba ya kira ni na je tasha na karɓo. Kuɗinsa bai kai na atamfar roba ba, girmansa kuwa kamar kwalin ashana. Gefe ɗaya wayar da ake soka wa kwamfuta, ɗaya gefen 'yan siraran wayoyi kala-kala masu bakin kamawa.

Umma ta same ni durƙushe gaban firij, na ɗaure ɗankwalina ta baya, zanen gida duk ƙura.

"Wannan ashanar ce za ta wanke ki?"

"Ita ce, Umma."

"Ana maganar aurenki kina maganar waya. Tashi ki yi wanka ki sa leshin nan ruwan zuma, a kai ki Kurfi ki gaida Gwaggon nan, ki ba ta haƙuri."

"Haƙurin me? Ni na ce mata mai farar ƙafa?"

"Bakin nan naki shi zai zaunar da ke a gidan nan, ke da firij ɗinki." Ta ja tsaki ta koma ciki.

Bari in yi muku bayanin injin a gajarce. A cikin firij akwai sensa, ita ke jin zafi. A waje akwai bod, shi ne ƙwaƙwalwar. Bini-bini bod zai tambayi sensa ta waya guda, ta ba shi amsa, ya rubuta lambar a sikirin, ya kunna gulob ko ya kashe. Akwai ɗan moto mai karkata faifan ƙwai lokaci-lokaci. Akwai kuma ƙararrawa, da hannuna na rubuta wa bod cewa in sensa ta ƙi amsawa, ya yi ta ƙara har sai na zo.

Shi analaiza ba ya gyara komai. Laɓe kawai yake yi. Ka maƙala shi a waya, ya zana maka a kwamfuta duk hirar da ke wucewa ta cikinta.

Na maƙala jar waya a layin sensa, ruwan ɗorawa a layin sikirin, kore a na moto, fara a na ƙararrawa. Na danna. Layuka huɗu suka miƙe a fuskar kwamfuta. A jan layin, sai ka ga ya ɗan nutsa ƙasa, tambayar bod ke nan, sai amsar sensa ta biyo baya jere kamar haƙoran mataji. Tambaya, mataji. Tambaya, mataji. Lafiya lau. Na zauna ina kallo har ƙafata ta yi tsami, ina cewa ko dai na yi asarar kuɗina ne.

Sai moto ya juya faifai.

Koren layi ya tashi, jan ya hargitse da tsalle-tsalle marasa kan gado. Da moton ya tsaya, bod ya yi tambaya. Babu mataji. Ya sake tambaya. Layi shimfiɗe kamar tabarma. Sensa ta yi gum.

Na ɗaga kai na kalli ƙofar firij: 37.6.

Na duba layin sikirin a kwamfuta. Bod na ta aika lamba ɗaya, yana maimaita ta, alhali ba wanda ya gaya masa. Na duba farin layi, na ƙararrawa. Ko motsi. Gulob kuwa a kashe, don a ganin bod zafi ya isa. Nan na tuna satin da aka yi ta ruwa ba ƙaƙƙautawa lokacin ƙwan farko. Sanyi ne ya cinye su, ni ina tsaye ina yi wa sikirin murmushi.

Na bi wayar sensa da yatsa. An ɗaure ta tamau da wayar moto, an jera su cikin farar roba, tsaf-tsaf, kamar yadda masu sola ke yi don kada mai gida ya ga tarkace a bango. Ni ban taɓa ɗaure su tare ba. Nawa aikin a watse yake kamar taliya, amma sau biyu yana fitar mini da 'yan tsakin kaji.

Kun riga ni ganewa, ko?

Ana gobe za a kawo ƙwan farko, Saifullahi ya ce ba zai bari kayan Hajiyarsa su shiga wannan hargitsin ba. Ya yini yana jera wayoyi. Da ya gama, ƙararrawa ta fara ƙara tana tsayawa. Ya cire bod ya tafi da shi shagonsa na Kurfi, washegari ya dawo da shi shiru. "Na gyara miki," ya ce, yana wannan murmushin nasa. Har lemo na kawo masa.

Ɗaure wayoyi kuskure ne, kowa na yi. Amma ƙararrawa ba ta yin shiru da kanta. Sai an shiga cikin bod an goge abin da na rubuta, an ce masa in sensa ta ƙi magana ya riƙe tsohuwar lamba ya rufe bakinsa.

Ban yi kuka ba, ƙwai na jira. Na kashe injin na kunna, mataji ya dawo. Na zare wayar moto, na ce daga yau da hannu zan riƙa juya su. Na rufe taga na haska ƙwan da tocilan ɗaya bayan ɗaya. Kaɗan sun tafi, amma mafi yawa akwai jijiyoyi, akwai ɗan duhu mai motsi. Sannan na ɗauki waya.

"Ka zo gobe bayan la'asar."

"Lafiya dai, gimbiya?"

"Ƙararrawata nake son ji."

Ya fara rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa. Har na yi sallar magariba ba abin da ya shigo.

Ranar Alhamis na sa baƙar doguwar riga da hijabi toka, ko kwalli ban sa ba. Ana idar da la'asar na ji ƙarar babur, na leƙa. Ba shi kaɗai ba ne. Gwaggo Jamilatu ce a baya, ta yafa mayafi ruwan hoda, ta rungumo kwando cike da ƙaiƙayi. Ta wuce ni a zaure, ta amsa gaisuwata da hanci, ta shige wurin Umma.

Shi ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin firij, cikin shadda ruwan sararin sama, hula a karkace, yana juya makullin babur a yatsa. Idonsa ya sauka kan kwamfuta da 'yan wayoyin da ke maƙale.

"Me wannan?"

"Ka fi ni sani, Malam."

"Yau kuma Malam na koma?"

"Ka goge mini ƙararrawa ko ba ka goge ba?"

Ya leƙa cikin gida, ya rage murya. "Na ɗauka sensar ce ke shirme. Ƙarar na damun ki, na ce bari in hutar da ke."

"Yaushe ka gane ba shirme take ba?"

Ya ci gaba da juya makullin.

"Yaushe?"

"Da ƙwan suka ƙi fashewa."

"Ka gane tun lokacin. Ka bari aka zuba wasu. Ka bari aka yi mini suna a guruf."

"Na yi niyyar in zo in gyara ba wanda ya sani. Basma, ki gane. Rabin masu ba ni aiki 'yan Tamawa ne da Kurfi. In aka ji aikina ne ya kashe ƙwan uwata, wa zai sake ba ni gidansa?"

"Sai ka ba su sunana su ci."

"Magana ce ta mata, za ta wuce. Ki bari a sa rana gobe, bayan nan ni da kaina zan yi wa Hajiya bayani a hankali."

Wallahi, 'yan uwa, da ya ce mini tsoro ya ji, da wataƙila na yi sanyi. Amma "maganar mata" ya ce.

Kafin in amsa sai ga Gwaggo, Umma na biye da ita fuska a ɗaure. Gwaggo ta dire kwandon a gabana.

"Buɗe ki zubo mani su. Akwai kaji masu kwanci a Tamawa. Tun kakanni kaza aka sani, ba firij ba."

"Gwaggo, in aka ɗora su a babur zuwa Tamawa, ba wanda zai kai da rai."

"A hannunki ne za su rayu?"

"Ki ba ni minti kaɗan in nuna miki abu. In kin gani kin ce a zuba, zan zuba."

"Ni ban karanta boko ba, kar ki nuna mani zane-zane."

"Ba zane ba ne."

Na buɗe firij, na zare sensar gaba ɗaya daga wayarta, na rufe. Na kama hannun Gwaggo na ɗora mata a tafi. 'Yar farar aba ce kamar ƙwayar dabino.

"Wannan ita ke jin zafin ƙwan. In babu ita, injin bai san komai ba. Tana ina yanzu?"

"Ga ta hannuna, kina gani."

"To dubi ƙofar. Lambar ta canza?"

Ta matso da fuska, ta ƙanƙance ido. Ta kalli tafinta, ta sake kallon lambar.

"Tana nan yadda take."

"Haka ya yi ta yi mini har ƙwan farko suka mutu da sanyi. Yana cewa lafiya, alhali bai sani ba."

"To wa ya koya mashi ƙarya?"

"Ki tambayi ɗanki."

Duka muka juya. Na ba shi dama, Allah ya gani. Na tsaya ina kallon bakinsa, zuciyata na cewa ka faɗa, ka faɗa kawai mu wuce wurin. Ya gyara hula.

"Kayan zamani ne, Gwaggo. Haka suke, wani lokaci su rikice da kansu."

Na jawo kwamfuta, na soka wa bod waya, na buɗe ainihin abin da na rubuta masa tun farko, na tura. 'Yar fitilar bod ta yi ƙyaf-ƙyaf. Lambar ta ɓace daga sikirin, farin layin nan na kwamfuta ya tashi tsaye, ƙararrawa ta tsage da ƙara har akuyar maƙwabta ta amsa. Gwaggo ta ja da baya ta taka kwandonta.

"Wannan shi ne nawa," na ce da ƙarfi don ta ji. "In sensa ta ɓace, ihu yake yi. Mai shirun nan daga shagon Kurfi ya dawo."

Na karɓi sensar daga hannunta na mayar. Ƙarar ta ɗauke. Lamba ta fito, ƙasa da ta ɗazu, don ƙofa ta sha buɗewa. Gulob ya kama.

Gwaggo ta daɗe tana kallon Saifullahi. Shi yana kallon takalminsa. Na ɗauka za ta ce masa wani abu. Ni ta juyo wa.

"Ko ma mi ne ne, ɗiyar kirki ba ta tsiraita namiji gaban uwa tai. Tun ba a shiga ba kin fara."

"Jamilatu."

Umma ce. Ita da jiya ke cewa in sa leshi in je ba da haƙuri. Ba ta ɗaga murya ba.

"Shi ɗan kirkin ne ya zauna ana yawo da ƙafar 'yata a waya, ya san gaskiya ya rufe baki? Da kunnena na ji muryarki. Na haɗiye ne don ina jin kunyar Hajiya Rekiya. Ɗauki kwandonki."

"Ƙwan ɗan'uwana ne."

"Na matarsa ne. In ta aiko da bakinta, a ba ta."

Gwaggo ta suri kwandon, ƙaiƙayi na zuba, ta fita tana faɗin ai dama an gaya mata gidan 'yan boko ne. Saifullahi ya tsaya.

"Basma, kin kyauta ke nan?"

"Inda aka ɓata ni, nan za ka gyara. Guruf ɗin nan, da muryarka, ba rubutu ba. Ka ce kai ka taɓa injin, kai ka kashe ƙararrawa, kuma ka sani tun tuni."

"In ban yi ba fa?"

"Ka ce wa manyanku kar su wahalar da kansu gobe."

"Saboda ƙwan zabi?"

"Har yanzu kana ganin maganar ƙwai ce?"

Gwaggo ta ƙwala masa kira daga waje. Ya fita. Na ji babur ya tashi da ƙyar.

Na ɗauki almakashi na bi farar robar nan ina yankewa, na raba wayar sensa da ta moto, kowacce ta kama gabanta. Na mayar da moton na juya faifai sau da yawa ina kallon kwamfuta. Tambaya, mataji. Tambaya, mataji. Aikin ya koma taliyarsa. Sai a lokacin hawayen suka zo, na zauna a ƙasa na jingina da firij, yana da ɗumi kamar jikin mutum. Kar ku tambaye ni ko har yanzu ina son sa. Da ba na so, da abin bai yi zafi haka ba.

Gab da magariba waya ta yi ƙara. Saƙon murya daga gare shi, dogo. Ya yi kuskure, in yafe masa, in tuna irin son da yake mini. Ni kaɗai ya turo wa.

Na rubuta masa: "Ba nan ba."

'Yar uwarsu da ke ba ni labari ta ce guruf shiru, ko Gwaggo ba ta tofa ba. Baba ya dawo daga masallaci yana tambayar Umma ko an karɓo manyan tabarmin da za a shimfiɗa wa baƙi gobe. Umma ta kalle ni, na kalle ta.

Sai waya ta sake ƙara. Baƙuwar lamba. Na ɗauka, na yi sallama.

"Basma ce?" Muryar tsohuwa, a natse, ana jin kukan zabi a bayanta. Na durƙusa a inda nake kamar tana gani na.

"Ni ce, Hajiya. Ina wuni."

"Ƙwan nawa na da rai?"

"Mafi yawansu na da rai, Hajiya."

"To ki riƙe su, kar ki ba kowa. Jamilatu ta zo ta faɗi nata. Saifullahi kuma na tambaye shi, ya kasa kallon idona." Ta yi gyaran murya. "Ki ce ma babanki ya yi haƙuri, maza ba za su zo gobe ba. Ni za ni zo, da yaron. Ki bar mani wannan ƙararrawa taki a kusa. Ina so in ji kukanta da kunnena, yana tsaye."

Ta kashe wayar kafin in ce to.

Baba na tsaye da carbi a hannu yana jiran amsar tabarmi.

"Guda ɗaya ta isa, Baba," na ce.